Tsagar Muciya a Injin Markaɗe

Ɗakin da nake aiki a cikinsa shi ne wanda mahaifina yake ajiye turamen atamfa lokacin da yake da rai. Bayan rasuwarsa yayyena suka rufe shagonsa, ɗaya ya koma Douala, ɗaya ya kwashi iyalinsa ya tafi Ngaoundéré, gidanmu na unguwar Briqueterie ya rage daga ni sai Inna. Na share ɗakin, na sa tebur kusa da taga, na ɗora kwamfuta. Tagar tana kallon lungu. Da safe ina jin kekunan teloli suna ta ɗinki a maƙwabta, da rana kuma hayaƙin masu tsire ya shigo ya zauna a labule.

Zanen kayan ƙarfe na karanta a makarantar koyon sana'a. Kawuna, ƙanin Inna, yana da wurin walda a unguwar Nkomkana, inda yake ƙera ƙofofi da murhun tsire da injinan markaɗe. Shekaru da yawa wani dattijo ɗan Maroua ne yake yi masa zane a kwamfuta. Malam muke ce masa. Hausarsa tana da ɗanɗanon Fillanci, in ya zo lissafi kuma sai ya juye Faransanci. Na zauna kusa da shi shekara biyu ina koyo, a wani ɗan ɗaki da ke bayan wurin waldar. Sai idanunsa suka fara dushewa. Ya yi ta ƙara girman rubutu a allon kwamfuta har kalma biyu ta cika shi, daga baya 'ya'yansa suka zo suka tafi da shi gida. Kawu ya ce ba ya son in zauna ni kaɗai mace a bayan masu walda, in ɗauki kwamfutar in yi aikin daga gida. Haka na dawo ɗakin atamfa.

Irin zanen da muke yi ba kamar zanen takarda ba ne. Mutum yana gina abin ne mataki-mataki, manhajar zanen kuma tana rubuta kowane mataki a wani jeri da ke gefen hagu na allo, daga sama zuwa ƙasa. Ka zana murabba'i, mataki ɗaya. Ka ɗaga shi ya yi kauri, mataki na biyu. Ka huda rami a fuskarsa, na uku. Ramin yana zaune ne a kan fuskar da mataki na biyu ya samar, don haka ya dogara da shi. Malam yakan ce na biyun uwa ne, na ukun ɗa. Amfanin abin shi ne, in ka koma sama ka canza lamba ɗaya, manhajar za ta sake bin jerin har ƙasa ta gyara komai da kanta. Matsalarsa kuma, in wani mataki na ƙasa ya nemi gefen da ya jingina da shi ya tarar babu, sai ya yi ja ya tsaya, duk waɗanda suka dogara da shi su ma su tsaya.

Wata Talata da hantsi Kawu ya zo gida a kan babur, ya gaisa da Inna, ya leƙo ɗakina bai ko zauna ba.

"'Yar nan, akwai wata hajiya mai markaɗen gyaɗa a kasuwar Mokolo. Injinmu take so, amma ta ce mazurarin ya yi mata ƙanƙanta. Ki faɗaɗa bakinsa. Yanzu nawa ne?"

Na buɗe zanen na duba. "Trois cent cinquante, Kawu."

"Mai da shi quatre cent cinquante. Ai lamba ɗaya ce, ko? Malam kafin in sha shayi ya gama irin wannan."

Na ce to. Ya fita.

Ban taɓa buɗe cikin zanen wannan injin ba sai ranar. Malam ya gina shi tun kafin in zo, kullum bugawa kawai muke yi a takarda. Na nemo lambar, na share ɗari uku da hamsin, na rubuta ɗari huɗu da hamsin, na danna. Kwamfutar ta yi jim. Sai jerin ya fara yin ja daga tsakiya, ja yana gangarowa har ƙasa. A allo murfin injin ya ɓace, ƙafafu biyu suka tsaya a iska ba su haɗe da komai ba, ramukan noti suka watse. Na yi maza na mai da lambar yadda take, komai ya dawo. Na sake gwadawa da ɗari huɗu. Ya sake rushewa.

Matakan sun haura ɗari biyu, kuma babu ko ɗaya da Malam ya ba suna. Sunayen da manhajar ke sawa da kanta ne kawai: zane na goma sha bakwai, yanka na tara, yanka na goma. Shi ya san kowanne a ka, bai taɓa bukatar rubutawa ba.

Na kira shi a waya. 'Yarsa ta ɗauka, ta ce an kai shi asibiti duba ido, in sake kira. Na sake kira washegari, wayar a kashe.

Sai na fara bi ɗaya bayan ɗaya. A manhajar akwai wani layi da ake ja sama a cikin jerin, ya mai da abin yadda yake a wancan matakin, kamar ba a yi sauran ba tukuna. Na ja shi can sama, na riƙa sauko da shi mataki guda-guda, ina duba me ya ƙaru, ina rubutawa a littafi: wannan me ya yi, a kan wa ya zauna, su wa suka zauna a kansa. Kwana huɗu ina wannan. In aka ɗauke wuta sai in zauna da littafin ina ja layi daga lamba zuwa lamba har shafin ya zama kamar zaren da kaza ta shiga.

A rana ta uku na gano abin da ya fara karyewa. Malam ya goge kaifin wani gefe a wuyan mazurarin ya mai da shi mai lanƙwasa, abin da ake kira congé da Faransanci, tun da wuri, a mataki na talatin da wani abu. Sannan ya auna wurin zaman wasu ramuka daga sabon gefen da lanƙwasar ta haifar. Da na faɗaɗa bakin, kusurwar ta canza, lanƙwasar ta kasa zama, gefen ya ɓace, ramukan suka rasa inda za su auna kansu. Shi da bakinsa ya koya mini cewa lanƙwasa a ƙarshe ake yin ta, kuma ba a auna komai daga gare ta. Na zauna ina kallon abin, na ji wani irin haushi da kewa a haɗe. Da yana kusa da na nuna masa, da ya cire hula ya sosa kai ya ce lokacin yana sabon shiga ne.

Da muka zauna cin abincin rana Inna ta ce, "Kwana uku ba kya magana. Lafiya?"

Na ce, "Congé ne ya lalata mini aiki, Inna."

Ta ajiye cokali. "Hutu? Wa ya ba ki hutu? Kawunki ne ya ce ki daina zuwa?"

Na yi dariya na fara yi mata bayani, cewa a Faransanci kalma ɗaya ce da hutu amma wannan gefen ƙarfe ne. Ta saurara har tsakiya, tana gyaɗa kai don kada in ji babu daɗi, sannan ta ce, "Allah ya warware miki," ta tura mini kwanon miya. Ƙawayena biyu da muka yi makaranta tare, ɗaya tana aiki a Douala, ɗayar ta bar zane ta koma sayar da kayan kwalliya a Tsinga. Babu wanda zan ce wa ga abin da na gano ya ji daɗinsa yadda na ji. Na koma ɗaki.

Na gyara lanƙwasar, na sake auna ramukan daga tsakiyar injin. Ja ya ragu, amma bai ƙare ba, domin irin wannan kuskuren yana nan a wurare da dama. Kawu ya kira ya ce hajiyar ta aiko tana tambaya. Na ce masa ya ba ni mako guda, zan sake gina zanen daga farko.

"Daga farko? Saboda lamba ɗaya?"

"Kawu, in na yi faci yau, gobe wani ya ce a ƙara tsawo, mu sake komawa nan."

Ya ce, "Ke kika sani. Ni dai takarda nake jira."

Manhajar tana ba mutum shimfiɗu uku na yin zane a kai tun kafin ya zana komai, waɗanda ba sa motsi kuma ba sa ɓacewa. A kansu na yi zane guda ɗaya na ƙashin injin, layuka ne kawai: tsakiyar sandar da ke juyawa, faɗin bakin mazurari, tsayin ƙafafu, inda murfi yake zama. Kowane awo na ba shi suna. Daga nan duk abin da na gina, da wannan zanen na jingina shi, ban yarda wani mataki ya rataya a gefen ɗan'uwansa ba sai in babu makawa. Manyan sassa na fara yi, sannan yanke-yanke, sannan ramuka, lanƙwasa kuma na bar ta can ƙarshe inda ko ta faɗi ba za ta ja kowa ba. Da farko da Faransanci nake sa wa matakan suna, kamar yadda aka koya mana. Da na lura ni kaɗai ce zan buɗe wannan zane, sai na koma Hausa: wuyan mazurari, kujerar murfi, ramukan ƙafar hagu.

Ina cikin haka na iso ga wani abu da na yi wa alamar tambaya a littafina tun ranar farko. Wata 'yar tsaga ce mai siffar rabin wata a gefen gidan haƙoran injin, ƙasa da murfi, kusa da inda markaɗe yake fitowa. Ba ta riƙe komai, noti ba ya shiga cikinta. Amma Malam ya sa ta a mataki na shida, tun kafin ma ya yi mazurari. Abin mamakin kuma, kujerar murfi daga gefenta aka auna ta, ramukan murfi daga kujerar, mariƙin motar da ke juya injin daga ramukan. Da na gwada kashe ta a tsohon zanen, fiye da rabin injin ya tafi tare da ita. Na gwada jawo ta ƙasa, manhajar ta ƙi, domin ba ta barin uwa ta koma bayan 'ya'yanta.

Na ɗauka wani kuskuren ne irin na lanƙwasar. Na bar ta a waje, na gama sabon zanen ba tare da ita ba. Ya yi kyau, matakai saba'in da 'yan kai. Amma na kasa buga takardar. Na hau tasi na je Nkomkana, na sami Kawu yana yanka ƙarfe, na nuna masa tsagar a jikin wani injin da ke jiran fenti.

"Kawu, wannan na mene ne?"

Ya ɗaga gilashin walda ya duba. "Malam ya zana, ni kuma na yanka. Ban taɓa tambaya ba. Cire ta ma zai rage mini aiki, wurin yana da wuyar gogewa."

Na koma gida ana yayyafi, jar laka ta ɓata mini takalmi. Bayan la'asar na sake gwada lambar Malam, sai aka ɗauka. Muryarsa ce, ta ɗan yi rauni.

"Injiniya! Ashe kina tunawa da mu."

Na gaishe shi, na tambayi ido. Ya ce ɗaya ya tafi, ɗayan yana ganin haske da inuwa. Ya tambayi Inna da Kawu, ya tambaya ko har yanzu mai shayin bakin wurin walda yana cika sukari. Sannan na ce, "Malam, kun tuna zanen injin markaɗe?"

"Wanne mataki?"

"Na shida."

Ya yi dariya har ya yi tari. "Kin taɓa shi, ko? Ya watse miki."

"Ya watse. Malam, me ya sa kuka rataya masa rabin inji? Ku ne kuka hana ni irin wannan."

Ya ce in saurara. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, ta yi shekaru tana markaɗe a ƙofar gidan da suka yi haya. Gyaɗa in ta yi mai takan toshe mafita, kuma babu mai markaɗen da za ta kashe inji ta kwance murfi alhali mutane suna tsaye da kwanuka. Yatsa suke sawa su zaƙulo. Wata rana haƙoran suka kama wa matarsa kan yatsa. Ta warke, amma farcen bai sake fitowa ba. Shi ne ya zauna ya auna tsagar: 'yar muciya tana shiga ta karkace ta ture abin da ya toshe, amma ba ta isa haƙoran, kuma hannu ba ya shiga.

"To me ya sa ba ku sa ta a ƙarshe ba, ku rubuta bayani a gefe?"

"Kafin kawunki na yi wa wani mutum aiki. Ya ga tsagar ya ce ɓata lokaci ce, ya sa wani ya buɗe zanen ya goge ta. Dannawa ɗaya. Rubutun da na yi a gefe ma ya tafi tare da ita. Da na zo sake ginawa sai na ce, wannan karon duk wanda zai cire ta sai ya rushe injin gaba ɗaya. In ya rushe, dole ya tsaya ya tambaya."

"Lanƙwasar wuyan mazurari fa? Ita ma da gangan ne?"

Ya ce, "A'a. Wannan jahilci ne. Ki gyara, kada ki faɗa wa kowa."

Mun yi kusan rabin awa muna magana. Na karanta masa sunayen matakaina, ya yi ta dariya da jin "kujerar murfi". Ya ce in faɗa masa yadda na jera su, na faɗa, yana cewa "to, to" kamar yana gani. Ban san yadda na yi kewar irin wannan hira ba sai da 'yarsa ta karɓi wayar ta ce lokacin maganinsa ya yi.

Washegari na mai da tsagar. Ban bi hanyarsa duka ba, domin ba na son zanen da zai riƙa rushewa duk lokacin da aka taɓa shi. Na sa ta cikin zanen ƙashin injin, can sama, na ɗaure ta da tsakiyar sanda yadda duk girman da inji ya yi tazararta da haƙora ba za ta canza ba. Sannan na auna kujerar murfi daga gare ta, ita kaɗai, da sanina. Wanda ya faɗaɗa ko ya tsawaita ba zai ga ja ba. Wanda ya goge tsagar kuwa murfinsa zai faɗi. Na sa mata suna mai tsawo har ya fita daga gefen jerin: tsagar muciya, don yatsun masu markaɗe, kada a cire.

Na kai wa Kawu takardun. Ya juya su, ya ga tsagar tana nan, ya kalle ni. Na ba shi labarin matar Malam. Ya naɗe takardun ya sa a aljihu. Da injin ya fito na lura ya goge wurin sosai, ya fi ko'ina santsi.

Bayan mako biyu na bi ta Mokolo sayen kayan miya, na nemi rumfar hajiyar. Ban gabatar da kaina ba da farko, na tsaya cikin masu jira ina kallo. Gyaɗa ta toshe, ta ɗauki wata 'yar muciya da ke rataye da igiya ta zura ta tsagar ba tare da ta ko duba ba, markaɗe ya ci gaba da zuba. Da layi ya ragu na gaishe ta, na ce daga wurin mai waldar nake.

"Au, ke ce mai zanen? Sannu 'yata. Inji ya yi, bakin ya ishe ni. Amma ki ce masa na gaba ya ɗaga ƙafafun. Bokitina ba ya shiga ƙasa sai na karkata shi. Ƙanwata ma tana son irinsa."

Na auna bokitin da tafin hannu, na dawo gida. Na ajiye kayan miya, na buɗe kwamfuta, na je wurin da na rubuta tsayin ƙafafu na ƙara milimita tamanin. Kwamfutar ta yi jim, ta bi jerin daga sama har ƙasa. Ƙafafun suka miƙe, sandunan da ke tsakaninsu suka bi su, ramuka suka koma wurarensu. Babu ja ko ɗaya.

Na zauna ina kallon allon. A tsakar gida Inna tana tsince shinkafa, rediyonta yana magana a hankali. Na ɗauki waya na kira Maroua. 'Yar Malam ta ɗauka, ta ce ya kwanta tun bayan azahar, jikin yau sai a hankali, ko akwai saƙo.

Na ce, "In ya tashi ki ce masa na ƙara tsawon ƙafafun, kuma babu abin da ya karye."

Ta ce, "Ƙafafun wa?"

Na ce ta faɗa masa haka kawai, zai gane. Ta ce to, ta kashe. Na buga takardar na ajiye wa Kawu, na fita na taya Inna tsintar shinkafa.